Daga awon igiya zuwa mukulli: fashin baƙi kan mallakar gidan farko a Kano

Akwai saƙon da duk magidancin da ke zaman haya a Kano yake gane ƙarshensa tun kafin ɗan aike ya rufe baki: "Alhaji ya ce a gaishe ka, wai yaronsa zai yi aure bayan Sallah, yana buƙatar gidan." Wani lokacin da gaske akwai auren, wani lokacin kuma an sami wanda zai biya ninki ne. Ko ma wanne ne, a daren nan mutum ke kwanciya yana alwashin ko ciki da falo ne sai ya yi nasa.

Tsakanin wannan alwashi da ranar da zai riƙe mukulli akwai nisa, kuma a iya abin da na gani, yawancin waɗanda suka yi tuntuɓe ba farashi ne ya kayar da su ba. Farashi kowa yana jin sa a bakin dillali, in ya fi ƙarfinsa ya ce sai wani jiƙon. Takarda ce ke kayar da mutane, sai kuma ɗawainiyar da ke biyo bayan ciniki wadda ba wanda ya lissafa musu.

Mu a bakinmu "na sayi fili" muke cewa. Doka ba haka ta ɗauka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin kundin tsarin mulki, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Abin da ɗan ƙasa ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne, yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. A Kudu wannan doka ta zo da sabon abu. A Arewa kuwa tsohon tsari ne aka faɗaɗa wa ƙasa baki ɗaya, domin tun 1910 Turawan mulki suka sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sake tabbatar da haka a dokarta ta 1962. Ke nan abin da kake zuba miliyoyi a kai izini ne na zama a wani yanki na ƙasa, kuma ƙarfin izinin gwargwadon ƙarfin takardar da ke hannunka ne.

Takardun kuwa ba ɗaya suke ba. Babbarsu ita ce satifiket, wadda aka fi sani da C of O, mai sa hannun gwamna ko wanda ya wakilta. Ƙasa da ita akwai takardar da gwamnati ke bayarwa lokacin rabon fuloti, wadda ke nuna an ba ka amma ba a kammala ba. Sai takardar ƙaramar hukuma. Sai ta ƙarshe, wadda ita ce a hannun mafi yawan talakawan birnin nan: takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai sayarwa da mai saye da shaidu, da hatimin mai unguwa ko dagaci.

Wannan ta ƙarshen ita ce takardar awon igiya. Mai gona a Kumbotso ko Ungogo ko Gezawa ya ga gari ya iso shi, sai ya kira masu yanka, a zo da igiya a tsaga gonar ƙafa hamsin-hamsin, ko ashirin da biyar da hamsin, a bar lungun da mota ɗaya za ta ratsa da ƙyar, a sa a kasuwa. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba hanyar ruwa. Unguwanni masu yawa da ke kewaye da Kano haka suka tashi, kuma ba zan ce wa kowa kada ya saya ba, don malamin firamare ko ɗan tebur a Kantin Kwari ba shi da wata ƙofar da ta wuce wannan. Sai dai ya san abin da ya riƙe. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, kuma kotu tana saurarenta a matsayin shaida. Amma ba ta ɗaure gwamnati. Ita ma takardar ƙaramar hukuma tana da iyaka: doka ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da haƙƙin zama ne a ƙasar da ba a ayyana ta birni ba, gwamna kuma shi ke faɗin inda birni ya tsaya. Wurin da yake gona a idonka, mai yiwuwa tuni yana cikin taswirar birni a ma'aikata. Akwai hanyar mayar da irin wannan takarda ta zama ta gwamnatin jiha, tana cin kuɗi da zirga-zirga, shi ya sa mutane ke ta ɗagawa har ranar da za su buƙace ta da gaggawa.

Ranar kuwa takan zo. Sashe na 28 na dokar ya ba gwamna damar karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da dokar ta tanada ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce, gini ko shuka, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Wanda ya sayi fili ya ajiye fayau yana jiran ya yi tsada, idan titi ko layin dogo ya biyo ta kansa, abin da zai karɓa ba zai kama ƙafar abin da ya kashe ba. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, ga na Kaduna zuwa Kano, ga bututun gas na AKK da ya taso daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, duk ta bayan gari suke ratsawa, daidai inda talaka ke samun fili mai sauƙi. Haka ƙarƙashin babbar wayar wuta: ƙa'idar hukumar lantarki ta keɓe faɗin mita 50 ga layin 330kV, mita 30 ga na 132kV. Dillali zai nuna maka gidajen da aka riga aka gina a wurin ya ce "ai ga mutane nan zaune lafiya." Zamansu bai halatta naka ba.

To a ce mai sayarwa ya fito da satifiket ɗin a leda, mai hatimi da komai. Nan ma da sauran aiki. Abu na farko, a ɗauki lambar fayil a je Ma'aikatar Ƙasa da hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye a yi bincike (a Kaduna KADGIS ce, a Abuja AGIS): sunan wa ke kan fayil ɗin, an jinginar da gidan a banki ko ba a jinginar ba, akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru, akwai ƙorafin wani a kai? Na biyu, a ɗauko safiyo ya tabbatar cewa filin da aka tsayar da kai a kansa shi ne wanda ke cikin takardar. Ana nuna wa mutum fili mai kyau a bakin titi, takardar kuwa ta wani ce can ciki. Kuɗin lauya da na safiyo su ne mutanenmu suka fi ƙyashin biya, alhali ba sa ƙyashin la'adar dillali, wanda ba ya samun ko sisi sai ciniki ya faɗa. Ka tuna da wannan duk lokacin da ya ce maka "wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe, ka dai ba da kafin alƙalami."

Sai batun amincewar gwamna, wanda nan ne ma masu ilimin boko ke sakaci. Sashe na 22 ya ce mai haƙƙin zama ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a 1989 a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba ta rushe. Neman amincewar yana tafe da haraji da kuɗin rajista, saboda haka sai a zagaye: a karɓi ainihin satifiket ɗin, a rubuta takardar ciniki ko ta wakilci, a jefa a durowa. Gida sai ya wuce hannu huɗu, a ma'aikata kuwa har yanzu sunan mutumin farko ne, wanda wataƙila ya shekara goma a kabari. Ranar da na biyar ya tashi gyara takarda, sai ya bi magadan mutumin da bai taɓa gani ba yana roƙon sa hannu.

Ko takardar gwamnati ma ba ta zama katangar ƙarfe ba idan asalin filin yana da magana. Mutanen Kano sun gani a watan Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da filin idi da wasu wuraren, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta rabar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan filin idi sun je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba siyasar abin ce ta dame ni a nan ba. Mai sayen gidan farko ba shi da ƙungiya, ba shi da babban lauya. Fulotin da aka gutsuro daga makaranta, ko maƙabarta, ko jikin badala, ko da takardarsa tana ƙyalli, ya bar wa masu ƙarfin shari'a.

A cikin gari kuwa, inda gidajen suka tsufa, abin da ya fi yawa a kasuwa gidan gado ne. Yakan zo da sauƙin kuɗi saboda magada suna son a raba kowa ya kama gabansa. Matsalar ita ce wanda ke gaba-gaba wajen sayarwa, yawanci babban wa, ba shi kaɗai ke da gidan ba. Akwai 'yar'uwar da ke aure a Gusau ba a tuntuɓe ta ba, akwai ƙanin da ke Saudiyya, akwai marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan mahaifin, akwai matar mamacin da tumuninta. Idan ba kotun Musulunci ce ta raba gadon ta ba da takarda ba, ko dukkan magadan suka sa hannu a gaban shaidu, to ka sayi shari'a da kuɗinka. Idan kuma kason mutum ɗaya ka saya a gidan da ba a riga an tsaga ba, fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi ya ba sauran abokan tarayya haƙƙin shuf'a: su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Wanda yake gari ya san da cinikin ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa yana nan a kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Sai ka gama gyara, ka yi fenti, mutum ya sauka daga jirgi.

Bari in ratse kaɗan, don wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Gidaje da yawa a garin nan da sarƙar matar gida aka yi musu rufi. Gini ya tsaya a linta, damina ta matso, sai ta ciro gwal ɗinta ko kuɗin gadonta ta ce "Malam, ga wannan a ƙarasa." Ba a rubuta ba, don kunya da kara. Ranar da ta Allah ta kasance, gidan gaba ɗaya ya shiga gado, ita kuma tumuni ne nata in akwai 'ya'ya, in da kishiya ma su raba tumunin. In rance ne a rubuta rance, in tarayya ce a rubuta kasonta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba mu da dalilin jin nauyi.

Ina kuɗin zai fito? A takarda akwai amsa. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana tarawa a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, wanda ke ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. (Tun 2023 shiga asusun ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.) Mu buga lissafi da naira miliyan 15. A wannan tsari biyan wata yana kamawa kusan naira 90,000, kuma tun da ba a so biyan ya wuce sulusin albashi, sai mai ɗaukar wajen naira 270,000 ne zai cancanta, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024. Bankin kasuwa kuwa ba a magana. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5. Ko a ce an ba ka miliyan 15 ɗin a kan kashi 25 na shekara goma, kusan naira 340,000 za ka riƙa biya duk wata.

Ga kuma matsalar riba, wadda ta isa ta hana mafi yawan mutanenmu ko tambaya. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun buɗe wata ƙofa: banki ya sayi gidan, ka zauna kana biyan haya tare da sayen kasonsa sannu a hankali har ya zama naka. Wannan ya warware damuwar addini, bai mayar da gida araha ba. Kuma duk waɗannan hanyoyi a wuri guda suke haɗuwa, wato gidan ya kasance yana da takardar da za a iya jinginarwa. Gidan awon igiya ba ya shiga. Shi ya sa wanda ya fi buƙatar rancen shi ne wanda ba zai samu ba.

Don haka bankin gidaje na gaskiya a Arewa shi ne adashi, da ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, da saniyar da aka bar wa ɗan'uwa kiwo a ƙauye, da giratuti. A sayi fili bana, a kewaye baɗi, a buga bulo ɗari biyar duk sanda aka sami sarari. Tsarin yana da hikimarsa: babu mai bin ka bashi, kuma bulon da ka buga bara naira ba za ta cinye shi ba. Amma yana da tarko biyu. Na ɗaya tashin kaya. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba a yawancin wurare, zuwa watan Fabrairun 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, ya haura 10,000 a garuruwa da dama, rodi da kwano suka bi sahu. Na biyu rashin auna ƙarfi. Mutum zai zana ɗaki huɗu da falo biyu, don kada a raina shi, ya kai gini linta cikin wata uku yana murna. Bai san tsayar da bango shi ne ɓangare mai sauƙi ba. Rufi, ƙofofi da tagogi, wayarin, famfo, filasta, silin, tayil, nan kuɗin yake. Sai ginin ya zama kango, shekara biyar yana shan rana da ruwa, mai shi kuma yana can yana biyan haya. Zagaya Ɗanbare ko Gunduwawa ko bayan Panshekara ka ƙirga irinsu. Ni a ganina wanda ya gama ɗaki biyu da kicin da banɗaki ya tare, kuɗin hayarsa ya koma sayen bulo, ya fi mai kangon bene dabara nesa ba kusa ba.

Masu sayen gida a rukunin gidajen da kamfani ke tallatawa tun yana zane, su ma su yi hattara da cinikin biri a sama. A ga takardar filin gaba ɗaya, a ga izinin gini na hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, a je a ga abin da kamfanin ya taɓa ginawa ya miƙa.

Sai ranar tarewa. An yi sauka, an raba waina, maƙwabta sun shigo sun yi "Allah ya sa rai aka yi wa." Washegari mutum zai fara gane cewa a sabuwar unguwa shi ne hukumar ruwa, shi ne ta wuta, shi ne ta hanya. Famfon gwamnati bai iso ba, ko dai ya haƙa rijiyar burtsatse ko ya ƙulla da mai garuwa. Tiransifoma ta ƙone, a ƙa'ida kamfanin rarraba wuta ne zai gyara, a zahiri kwamitin unguwa ne zai bi gida-gida da littafi. Kuɗin 'yan sintiri duk wata. Karo-karon ciko a lungu kafin damina, karo-karon kwata, karo-karon masallaci da Islamiyya. Iskar farkon damina ta ɗage kwano, ba Alhajin da za a kira. Sokawe ya cika, kai ne. Wanda ya baro haya a Gwammaja ko Fagge, inda yake taka sayyada zuwa kasuwa, ya koma Janguza, zai tarar wani kaso na abin da yake ba mai gida yanzu gidan mai da ɗan adaidaita sahu yake ba wa, ga makarantar yara ta yi nisa. Akwai ma ɗawainiyar da ba a faɗa da ƙarfi: ranar da dangi suka ji ka yi gida, an sami masauki a birni. Ɗan yayanka da ya sami gurbi a Jami'ar Bayero da mai jinyar da aka turo asibitin Malam Aminu Kano duk ɗakin zaurenka za su nufa, kuma ba ka da bakin cewa mai gida ya hana.

Duk da haka ban taɓa jin wanda ya tare a nasa yana kewar ɗan aiken Alhaji ba. Abin da nake ji shi ne "da na sani da ba nan na saya ba," kuma sau da yawa maganar ruwa ce. Tsohon birnin Kano da kewayensa cike suke da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini shekaru aru-aru, waɗanda su ne ke shanye ruwan sama. An cike da yawansu da shara da ɓaraguzai an yanka fuloti. Gini a kan irin wannan ciko yakan zauna, bango ya tsage, ruwan da aka kore kuma ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane. A bayan gari kuma fadama ce ake sayarwa da rani, lokacin da ta bushe ƙayau kamar kowane fili. Dillalai sun fi son fita da mai saye tsakanin Janairu da Afrilu. Kai ka koma a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ba tare da dillalin ba. Ka bar mota a titi ka shiga da ƙafa. Ka dubi gindin katangun maƙwabta, in akwai layin danshi da gansakuka, ka auna tsayinsa da gwiwarka. Ka dubi dokin ƙofofinsu ko an ƙara musu bulo ɗaya ko biyu daga baya. Sannan ka sami mai shayin bakin layin, ka sayi kofi ɗaya, ka tambaye shi ta ina ruwa ke bi idan an yi kamar na jiya.